Gilashin Duniya

Babana malamin labarin ƙasa ne wanda allo bai taɓa isarsa ba. Ina aji huɗu, wata azahar ta bazara, ya tsayar da tsohuwar motarsa a bakin kogin Haɗeja, ya rufe gilasai ruf muna ciki. Robar kujera ta fara ƙauri, ta manne mini a cinya.

"Baba, zan mutu!"

"Ba yau ba, uwata. Rana ta shigo, zafinta ya rasa mafita. Haka iskar kabon da ke cikin hayaƙin da muke fitarwa take, ita ce gilashin duniya."

"To a buɗe wa duniyar ƙofa mana."

Ya daɗe yana kallon masunta na jan kwalekwale a kan yashi, sannan ya buɗe ƙofar gefena kawai. Na girma, na yi karatu, har yau ban sami wanda ya ba ni amsar da ta fi wannan ba.