Wanda Ƙasa Ta Kira

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin da tsofaffi ke yini a unguwarmu ta Rusholme, ni nake zama da Kaka, mahaifin Mama, in na taso daga makaranta. Tsohon ɗan kokawa ne, shi ya sa kullum nake kunna masa gasar sumo ta Japan a kwamfuta, mu ga wa ya yi kaye, wa ya koma baya.

Ran nan da la'asar, ƙarti biyu suna watsa gishiri a fili kamar yadda 'yan sumo ke yi kafin a kama, ko taɓa juna ba su yi ba, ya nuna ɗaya.

"Wannan zai faɗi. Ƙasa ta riga ta kira sunansa."

Ya kuwa faɗi. Duk wanda Kaka ya nuna, sai ya sha ƙasa.

Na ce, "Kaka, yaya kake jin kiran?"

Ya zare silifas, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan kafet, ya karkata kai yana saurare. A hawa na uku muke.

"Na ji," ya ce a hankali, kuma ba da ni yake ba, da ƙasa yake. "Bari uwar yarinyar nan ta dawo tukuna."

Har yau tsikar jikina tana tashi, don bai rufe baki ba na ji makullin Mama a ƙofa.