Injin Shara da Surukin Kulu

"Ki yi taɓin wannan makon, Kulu. In na dawo daga Zariya, ni zan yi biyu a jere," in ji Tanimu ga matarsa.

"Da bakinka ka faɗa, maigida. Na yarda."

Tun da hukuma ta raba injin shara gida-gida, dokar ɗaya ce: duk abin da ya yi mako hannun wani bai taɓa shi ba, shara ne, ran Asabar injin zai kwashe.

Kulu akwai tsari. Litinin ta bi tukwane, Talata tufafi, Laraba har mataccen keken bayan rumbu ta shafa. Surukinta kuwa, tsoho ne, yana kwance ba ya tashi. Kullum daga bakin ƙofa take tura masa tuwo, ta durƙusa ta gaishe shi. Wace 'yar mutunci ce za ta taɓa uban mijinta?

Ran Asabar da hantsi ta ji injin ya daɗe a ɗakin tsohon. Ta leƙa: ga gado, ga kwano, ɗaki fes.

Kulu ta tsira da kunyarta. Tanimu ne ya rasa uba, ko gawar wankewa bai samu ba.