Littafi na Talatin

Tunda ka ce hidima ta hana ka leƙa kowa, zauna in ba ka misalin wani mutum.

Ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. A zamanin samartakarsa akwai wasu 'yan littattafan labari masu zane da jirgi ke kawowa duk wata, labarin wani jarumi mai bin ɓarayin shanu a kan babur. Shi ke saye, amma abokinsa, wani mai gyaran keke da bai yi boko ba, shi ke riƙe littafin. Su zauna kan benci a bakin rumfar gyara, wannan na karanta maganar da aka rubuta a saman kawunan mutanen, wancan na kwaikwayon muryar ɓarawo da kukan babur, har masu jiran faci su manta abin da ya kawo su. Littafi talatin aka yi labarin ya ƙare. Sai dai na talatin ya fito bayan an mai da ma'aikacin wata tasha mai nisa, don haka bai taɓa sanin ƙarshen labarin ba.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa, gida ya yi masa faɗi. Kewa ce ta sa ya shiga tara littattafan nan ɗaya bayan ɗaya. Wani dillalin tsofaffin littattafai ya koya masa ƙa'idar masu wannan harka: mai daraja shi ne wanda bai lanƙwashe ba, ba tabon yatsa, ƙarfen da ya ɗinke tsakiyarsa bai yi tsatsa ba. Mutumin naka ya riƙe wannan karatu fiye da malaminsa. Kowane littafi ya sa masa kwali a baya, ya zura a leda, ya jera a akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo. Har ya haɗa ashirin da tara, sumul, kamar ba a taɓa buɗe su ba. Shi ma kansa ba ya buɗewa, ta cikin leda yake gaisawa da su.

Labari ya kai kunnen mai gyaran keke. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga shi da sallama, ya tsufa, yana jan ƙafa. Ya zaro wani abu daga aljihu, a ninke biyu, bango ya tafi, duk shafukan sun sha baƙin mai. Na talatin ne. Ya ce, "Shekara da shekaru ina kallon hotunan nan, ban ba kowa ya karanta min ba, kai nake jira. Fito da naka mu faro daga na ɗaya."

Mai akwati ya dubi hannuwan abokinsa, baƙin mai har ƙarƙashin farce. Ya kuma tuna mutum ne da ba ya juya shafi sai ya lashi yatsa. Sai ya sa ƙafa ya tura akwatin ƙarƙashin gado, ya ce, "Wannan naka ai ya mutu. Bari sai na samo mai kyau tukuna, sannan mu zauna." Mai gyaran keke bai yi musu ba. Ya ninke abinsa ya mayar aljihu, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Bai ƙara taka gidan ba.

Shekara uku mai akwati yana neman na talatin mara tabo. Ya je Zariya, ya je Jos, ya je Gusau, yana durƙuso gaban masu kasa tsofaffin littattafai a bakin titi, yana dawowa da ciwon baya. A gida shi kaɗai yake cin tuwonsa, rediyo na ta surutu ba mai amsa masa. In zai shiga kasuwa sai ya zagaye ta bayan masallaci don kada ya bi ta gaban rumfar gyara. Kunya ce ke cin sa, amma shi hidima yake kiranta.

Daga ƙarshe ya samu, a cikin kayan wani tsohon malamin makaranta da magada ke sayarwa. Sabo fil. Ya dawo gida da hantsi, ya wanke hannu da sabulu, ya buɗe a hankali ya karanta. Da ya kai shafin ƙarshe, abin da jarumin ya ce wa shugaban ɓarayi ya ba shi dariya, har ya juya dama zai ce, "Ka ji mutumin naka?" Ba kowa wurin sai bango. Kaɗaici ya danne shi yadda bai taɓa ji ba tun ranar da aka kai matarsa makwancinta.

Nan take ya kira mai baro, aka ɗora akwatin dukansa, ya bi bayansa har bakin rumfa. Ya tarar rumfar ta koma wurin cajin waya. Wata mai ƙosai da ke gefe ta dube shi ta ce, "Baba, mai keke kake nema? Allah ya yi masa rasuwa tun farkon damina. An aika gidanka, aka ce ka yi tafiya."

Haka aka juyo da baro. Littattafai talatin cif suna nan a akwati, ba tabo ko ɗaya, kuma duk garin babu wanda ya rage da ya san ko sunan jarumin, balle ya yi masa kukan babur. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.