Ƙwan da Ya Maƙale

Kwana biyu ke nan Sarauniya, jar kazar gidan, ba ta yi ƙwai ba. Sai ta shiga akurki ta tsuguna ta yi ta nishi, ta fito tana tafiya a tattale kamar agwagwa, jela a ƙasa, fukafukai a sake. Da Auta ta shafa ƙasan cikinta sai ta ji shi, ƙwai ne ya maƙale, tauri kamar dutse.

"Auta! Yau ma ban ji kukan kazar nan ba," in ji Inna daga ɗaki.

Daga kan gadon nan Inna take jin komai. Shekara uku ke nan ba ta taka ƙasa ba, tun ranar da santsi ya kwashe ta a banɗaki, saura kwana huɗu Auta ta tafi wani gari mai nisa kama aikin koyarwa. An yi hoto har sau uku. Likita ya ce ƙashi ya warke, jijiya lafiya lau, a dai ci gaba da haƙuri. Yayyen Auta maza suka ce ai ita ce mace, ita ta fi sanin jinya. Suna bugo waya duk ƙarshen mako su sa mata albarka.

Haka duniyar Auta ta koma ɗaki biyu da tsakar gida. Da safe ta zubar da fo, ta yi wa Inna wanka, ta juya ta, ta dafa mata ƙwan Sarauniya. Inna ba ta cin ƙwan kowace kaza sai nata. A da kaji fiye da ɗari Inna take kiwo, har daga wasu unguwanni ake kawo mata marasa lafiya a kwali. Yanzu guda ɗaya ta rage, ita kuwa ko Auta ba ta samun irin kirarin da Inna take yi mata ta taga.

"Ɗora ruwa, kada ya yi zafi da yawa," Inna ta ce. "Ki zaunar da ita a baho, ruwan ya rufe mata ciki. Sannan ki shafa mata man girki a wajen fitar."

Auta ta yi. Ta riƙe kazar cikin ruwa har bayanta ya ƙage. Sarauniya ta lumshe ido, ta yi yunƙuri, ba abin da ya fito. Aka sake da hantsi, aka sake da azahar. Tsakar gidan duk ya jiƙe da ruwan da ake zubarwa.

"Sa yatsa a hankali, ki lallaɓo shi."

"Inna, tsoro nake ji. In ya fashe a ciki fa?"

"In ya fashe ta mutu. Hannunki ne bai iya ba. Kawo min ita nan."

Auta ta kai ta bakin gado. Inna ta gwada a kwance, amma kazar ta yi ta fisge-fisge, bahon ya kusa kifewa a kan katifa. A kwance abin ba zai yiwu ba. Inna ta juyar da kai bango, Auta ta ga hawaye yana gangara mata cikin kunne.

Zuwa la'asar Sarauniya ta daina ɗaga kai. Baki a buɗe, numfashi sama-sama.

"Zan je in kira likitan dabbobi," Auta ta ce.

Inna ba ta son a bar ta ita kaɗai. Ko kanti Auta za ta, sai ta ji lissafin mintoci idan ta dawo. Yau kuwa cewa ta yi, "Je ki. Kada ki yi gaggawa, ki tabbata kin same shi."

Auta ta sa kazar a kwali a inuwa, ta fita, ta datse ƙofar gida da kwaɗo kamar kullum.

Likitan ba ya nan, ya tafi yi wa shanu allura bayan gari. Ta jira shi awa guda a kan benci. A can ƙasan ranta ta ji kunya, don daɗin zaman take ji. Motoci suna wucewa, wasu malamai mata biyu suka gifta da jakunkunansu suna dariya, ta bi su da kallo har suka sha kwana. Da ta gaji ta kamo hanya, tana shirya yadda za ta gaya wa Inna idan ta tarar da gawa.

Kwaɗon yana nan yadda ta bar shi. Tana buɗewa ta ji kukan nan da aka kwana biyu ba a ji ba. Sarauniya tana tsaye a gefen kwali, gashinta a jiƙe, tana tsattsagar dusa. A cikin kwalin ga ƙwai ƙato, dogo, yana sheƙin mai, da ɗan zanen jini a jikinsa. Auta ta tsoma hannu a baho za ta wanke shi, ta ji ruwan da ɗumi. Rana ce, ta ce a ranta, ba ta ma tsaya tunani ba.

Ta ruga ɗaki da ƙwan a tafin hannu.

"Inna! Ta sauke! Da kanta ta sauke!"

"Alhamdu lillahi," Inna ta ce, ido a rufe, tana haki kaɗan-kaɗan. Goshinta duk zufa.

"Zafi kike ji? Bari in juya ki, lokaci ma ya wuce."

"Bar shi, Auta. Bar shi sai an jima."

Amma Auta ta riga ta ajiye ƙwan, hannunta ya saba, ta yaye bargon daga ƙasa kamar yadda take yi sau huɗu a rana shekara uku cur. Tafin ƙafafun Inna duka biyun jage-jage suke da ɗanyar laka, ga gashin kaza ja guda ɗaya maƙale a tsakanin yatsu.