Jinin Duna

Wata la'asar a Barade, Baba ya matse karenmu Duna tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗe masa kunne. Ga kaska ta kumbura kamar jiƙaƙƙen wake. Ya murɗo ta a hankali don kada kan ya karye a fata, ya shafa man ja da gishiri a wurin.

Ni kuwa na fasa ta da dutse in ga cikinta. Jini ya fantsamo.

"Baba, jininta ne?"

"Na Duna ne."

"To yaya za mu mayar masa?"

Ya yi dariya. "Ta baki. Kawo ragowar tuwonka."

Na juye masa duka. Yau yarana na ta jero mini tambayoyi, har yanzu ban iya amsa irin ta Baba ba.