Kafin a Fesa Mata Fari

Abu Firas mai fenti ya gama haɗa farin fenti ke nan Lubna ta faɗo garejinsa da ke unguwar Marka a birnin Amman. Saurayinta Nidal na tsaye a gefe, ya juya wa tsohuwar Marsandinsa mai ruwan lemo baya, motar da ya yi shekaru yana gyarawa da hannunsa. Dillali ya ce sai an mayar da ita fara za ta yi daraja a kasuwar Amman. Mahaifin Lubna kuwa ya ce ba aure sai da gida, shi ya sa Nidal zai sayar da ita.

"Kawu, don Allah dakata," in ji Lubna.

Nidal ya juyo. "Me ya kawo ki nan?"

"Da wa ka yi shawara?"

Ya sunkuyar da kai. "Ai mota ce kawai."

"Shi ya sa ka kasa kallonta?" Ta murza zoben baikonta. "Na yi magana da Baba. Ya yarda mu zauna a saman gidanku har Allah ya hore. Amma a cikin motar nan za a kai ni, kuma da launinta."

Idanun Nidal suka ciko. Da ƙyar ya ce, "Allah ya bar mini ke."

Abu Firas ya yi tsaki. "Tunda kun kashe mini ciniki, ango, a sayo mana kayan zaƙin nan, kunafa mai zafi."

Lubna ta miƙa hannu. "Kawo makulli, ni zan tuƙa."

Ko ƙaninsa Nidal bai taɓa bari ya zauna a kujerar nan ba. Ya ɗora mata makullin a tafi, ya zagaya ya buɗe mata ƙofa.