Namijin da Ke Sumewa a Kumbo

Malam Bahauddeen ya wurga takardun kan tebur har biro ya faɗi ƙasa.

"Wannan shirmen kika kawo mu buga?"

Zulaiha ba ta ko motsa ba. Sauran 'yan ƙungiyar marubutan Azare suka kalli juna, don sun san halin shugabansu.

"Kumbo ya tashi zuwa wata duniya, mata ne ke tuƙi, su ne masana, su ne masu bindiga. Namiji ɗaya tal, ko suna ba ki ba shi ba, sai 'kyakkyawan nan'! Aikinsa dafa shayi. Dodo ya leƙo, namijin ya kurma ihu, ya sume, riga ta yage. Ina kika taɓa ganin namiji haka? Ke dai kin tsani maza, ki fito fili ki faɗa!"

"Malam, ai labari ne."

"Labarin banza! Duk wanda ya rubuta irin wannan ba shi da tarbiyya. Sunanki ba zai shiga littafin ƙungiya na bana ba. Tsohon littafin Turancin nan da na ara miki, wanda na ce babu kamarsa, kin ko buɗe shi ki ga yadda manya ke rubutu?"

Zulaiha ta zaro shi daga jaka, ta ɗora kan takardun.

"Na buɗe, Malam. Babin farko ne a gabanka, fassara na yi kalma da kalma."

Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"'Ya' kawai na mayar 'ta', 'ta' kuma na mayar 'ya'."